Kwandunan da Ba Su Shiga Mesa Ba

Mai Inji ya zura hannu cikin kwandon da aka gama kwashewa, ya ciro gutsuren farin soso, ya tsaya yana kallonsa. Girman ƙwan kaza ne, yadda ya yanke shi da safe, ko gefe ɗaya bai lotsa ba. Ya leƙa kwando na biyu, haka. Na uku ma haka.

"Dogo! Kai Dogo! Ina kayan da ke cikin kwandunan nan?"

Shekara bakwai ke nan Mai Inji yana tsaye a kan injin da ma'aikata suke kira Mesa. Doguwar tukunyar ƙarfe ce a kwance, ta fi motar haya tsawo. Masu sana'ar matse 'ya'yan itace suna kawo kayansu a kwalaben roba a rufe, ɗanyen ruwan abarba ko lemo ko kankana wanda bai taɓa ganin wuta ba. Sai a jera kwalaben cikin dogayen kwanduna, a tura wa Mesa ta haɗiye, a toshe ta gaba da baya, a cika ta da ruwan sanyi, a yi ta ɗura mata ruwa a kan ruwa har matsin ya kai inda ƙwayoyin cuta ba sa sha. Minti uku an gama. Kayan su fito da ɗanɗanonsu da launinsu kamar yanzu aka matse, kuma su yi wata guda a firji lafiya lau. Wanda bai shiga ba kuwa, kwana uku ma ya yi masa yawa, kuma duk abin da ya biyo ɓawon abarba daga gona yana nan da ransa a ciki.

Inda aikin yake da tarko shi ne, kwalbar da ta shiga da wadda ba ta shiga ba, ko wanda ya matse su ba zai bambanta su da ido ba. Shi ya sa aka ja jan layi a ƙasan ɗakin: masu jira a hagu, waɗanda suka fito a dama. Ma'aikata kuma sun ƙara wa kansu wata alama, in kwando yana ɗigar da ruwa, to daga cikin Mesa yake. Mai Inji bai taɓa sakin jiki da wannan ba. Kullum da safe sai ya yanyanka farin soso, irin wanda ake tallafe sabuwar talabijin da shi a kwali, ya jefa ɗaya a kowane kwando. In Mesa ta matse shi, fitowa yake a ƙanƙance da tauri kamar ƙwayar gyaɗa. An sha yi masa dariya a kan wannan, har ana cewa layarsa ce.

Dogo, mai kwashe kaya, ya taho yana goge hannu a wandonsa. "Kayan 'yarka? Ai sun tafi tun ɗazu. Ita da kanta ta tsaya aka manna musu takarda, sai duba agogo take yi kamar mai jiran jirgi."

"Wa ya ce maka sun shiga?"

"Wa zai ce min? Na same su a dama, suna zubar da ruwa kamar an tsamo su daga rijiya."

"Gumi ne, Dogo, gumi! Tun safe na'urar sanyaya ɗakin nan a kashe take. An fito da kwalabe daga ɗakin sanyi an ajiye su cikin wannan zafin, me kake so su yi? Daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya Mesa a buɗe take ina canza mata robar toshiya. Da waɗannan kunnuwan naka kamar murfin tukunya, ka ji ta yi nishi ko sau ɗaya?"

"To kada ka huce a kaina, dattijo. Wa ya ƙetare da su layin? Ƙafa suka yi?"

Mai Inji ne da kansa. Da zai zaro toshiyar Mesa wurin ya yi masa kaɗan, sai ya sa ƙafa ya tura keken kwandunan gefe, a ransa yana cewa minti goma ne. Robar ta ƙi zama, minti goma ya koma awa biyu, shi kuma kansa yana cikin bakin inji.

Dogo ya kalli fuskarsa ya gane. Ya ja tsaki, ya juya.

Manaja yana ofishinsa mai bangon gilashi yana cin biskit. Ya saurara, ya duba kwamfuta, ya ga lallai tun tara Mesa ba ta yi aiki ba. Ya ture biskit ɗin.

"Ina aka kai su?"

"Makarantar renon yara. 'Yan shekara uku da huɗu. Yau za a fara ba su a lokacin hutu, sha biyu da rabi."

"Kai da kake cika mana kunne da ƙa'ida, kai ne ka ƙetare layi da kaya?" Manaja ya dafe goshi. "In ta dawo da su da sanyinsu, mu saka su yanzu. In sun ɗumama kuma ba zan sa hannu ba, sai zubarwa. 'Yarka ce, kira ta."

Mai Inji ya fita bayan ginin, inda hayaniyar janareto ba ta da yawa, ya kira. Babbar 'yarsa ce, wadda yake kira Uwata. Da ƙaramin injin matsa ta fara a kicin ɗinta, yanzu tana da shago da mata biyu masu fere mata abarba. Wata takwas ta yi tana sintiri a wannan makarantar kafin shugabar ta yarda a gwada kayanta a madadin na kwali.

"Baba, na kai! Kwalba ɗari uku da sittin, ta karɓa da hannunta!"

"Koma ki ɗauko su."

Ya faɗa mata duka, har da wanda ya tura keken. Yana jin ƙarar motoci a bayanta.

"Soson nan naka ne ya ce?"

"Kwamfuta ma ta ce."

"To ji, Baba. Da asuba na matse su. Sau uku aka wanke abarbar nan, ina tsaye. Gobe zan matse wasu, ka saka min su, in je in ce na kawo sabbin kaya, in kwaso waɗannan a hankali. Ba wanda zai sani."

"Na yau fa? Waɗanda za a sha nan da minti arba'in?"

"Na yau ai sabo ne! Irinsa muke sha a gida kullum, kai ma kana sha, har ƙari kake nema. Mun mutu?"

"Ni ɗan shekara uku ne? Awa biyu suka yi cikin zafi a nan, sannan suka shiga motarki da ba ta da sanyi. Kuma me takardar da kika manna ta ce? Ta ce an bi da su ta inji. An bi da su?"

"Wa ya hana a bi da su? Ni?"

Wannan ta shige shi, amma bai bari ta ji ba. "Ni ne. Na ce ni ne. Ki juya mota."

"Baba, wallahi na gaji. Tun ina ƙarama haka kake. Ruwa sai an tafasa sau biyu. Yara suna wasa a waje ni ina leƙe ta taga. Ranar da aka yi hadari ka zo har ajinmu da lema ka fitar da ni ana tsakiyar jarrabawa. Komai a wurinka mutuwa ce. Matar nan ta gaya min da bakinta, kuskure ɗaya ta koma na kwali. Wata takwas, Baba! Ka bar ni in gyara abina yadda na iya."

Ta kashe wayar.

Ya tsaya yana kallon wayar. Haushinta yake ji, haushin Dogo, haushin wanda ya kashe na'urar sanyi bai gaya wa kowa ba, haushin robar banza da ta ƙi zama. Ya fi jin haushin ƙafarsa ta dama. Kuma abin da ya fi ƙona masa rai, ya san maganarta ba shirme ba ce. Zai yiwu yaran su sha su yi gyatsa su koma wasa. Sau da yawa ma haka ake yi. Amma shi ya taɓa kwana uku a kan benci a asibiti, ƙanin wannan Uwatan yana ɗan shekara biyu, gudawa ta zuƙe shi har idanunsa suka faɗa, ana neman jijiya a hannunsa an rasa sai a ka aka samu. Yaron ya tashi, yanzu ƙato ne. Amma Mai Inji bai manta nauyin yaron a hannunsa ba, kamar an miƙo masa riga.

Bai cire rigar aiki ba, bai cire takalmin roba ba. Ya buga babur ɗinsa ya fita.

Hanya kuwa kamar an gaya mata. Wata babbar mota ta mutu a tsakiyar mararraba, direban ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ƙafafunsa kaɗai ake gani. Mai Inji ya hau gefen titi, ya kusa kwashe teburin mai gyaran waya.

"Kai baba, makaho ne kai?"

"Makaho ne! Kauce!"

Ya bi ta layin masu walda, ya kutsa tsakanin wata mota da kwata, madubinsa ya goge bango. Sha biyu da minti ashirin ya iso ƙofar makarantar, wani gida mai shuɗin fenti da hoton giwa da jirgin sama a bango. Motar Uwata tana wajen. Ita ma tana wajen, ta harɗe hannu a ƙirji, ta tare ƙaramar ƙofa. Ta san mahaifinta, ta san zai zo.

"Baba, don girman Allah ka koma."

"Matsa."

"Ka ba ni yau kawai. Ban taɓa roƙonka komai a kan sana'ar nan ba. Da na fara cewa ka yi asara zan yi. Da na kama shago cewa ka yi ɓarayi za su fasa. Yau ɗaya na ɗaga kaina, kai ka yi ɓarnar, kuma kai za ka shiga ka tona ni?"

"Ba tona ki zan yi ba. Kaina zan tona."

"Sunan wa ke jikin kwalbar? Naka?"

Maigadi ya leƙo yana kallon takalmin roba da rigar aiki. "Lafiya, malam? Ba mu kira mai gyaran famfo ba."

Daga ciki aka kaɗa ƙararrawa, sai ga muryoyin yara sun tashi gaba ɗaya. Mai Inji ya kama kafaɗar 'yarsa da hannu biyu, ya ɗauke ta daga hanya kamar yadda yake ɗauke ta tana 'yar shekara biyar in ta tsaya a gaban murhu, ya wuce. Maigadi ya biyo shi yana "Malam! Malam!"

A ƙarƙashin rumfar tsakar gida an jera ƙananan kujeru ja da kore. Yara sun yi layi, kowanne ya dafa kafaɗar na gabansa. A kan tebur ga akwatunan kwalabe, wata mai kula da yara ta riga ta buɗe guda shida ta jera, ta miƙa wa wata 'yar mitsitsiya mai kitso biyu ta farko.

"Kada ta sha! Karɓe!"

Muryar da yake ƙwala wa Dogo kira da ita a cikin ƙarar inji, da ita ya yi maganar. Yarinyar ta saki kwalbar ta fashe da kuka, ruwan abarba ya malale a siminti. Na bayanta ya kama, na bayansa ma, kafin ka ce me rumfar ta ɗauka.

Shugabar makarantar ta fito daga ofis, mace mai jiki da tabarau a rataye a wuya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka mayar da yaran aji, ta ce a ba su ruwa da biskit, sannan ta juyo.

"Kai kuma wa ye, da za ka shigo min makaranta kana firgita min yara?"

"Ni ne mai injin da ake bi da kayan nan, Malama. Yau ba a bi da su ba. Ɗanye ne, kuma ya sha zafi. Ni na tura kwandunan inda bai kamata ba, aka ɗauka sun shiga. Laifina ne ni kaɗai."

"Wani ya sha?" ta tambayi mai kula da yaran. Matar ta girgiza kai.

Shugabar ta ɗauki kwalba ɗaya, ta sa tabarau, ta karanta takardar jikinta har ƙasa. Sai ta ɗago ta kalli Uwata, wadda ta shigo ta tsaya a bakin rumfa.

"Kin san shi?"

"Babana ne."

"Ban damu da wanda ya tura kwando ba, kowa yana kuskure. Abu ɗaya nake so in ji. Ke tun yaushe kika sani?"

Mai Inji ya yi saurin cewa, "Malama, ai ina kiranta ta juyo mota, ga ta nan ma ta riga ni isowa..."

"Baba, bari." Uwata ba ta kalle shi ba. "Tun sha biyu saura na sani. Na yi niyyar in canza su gobe."

"Gobe." Shugabar ta ajiye kwalbar. "Kina bakin ƙofata tun ɗazu, ina ganin motarki ta taga, na ɗauka waya kike yi. Yara tamanin ne a gidan nan, kowanne uwarsa ta miƙo min shi da hannunta. Kwashe kayanki. Kada ki kawo wasu."

"Malama, kayanta masu kyau ne," in ji Mai Inji. "Shekara biyu ina saka su, ban taɓa..."

"Na gode da ka zo, malam. Gaba in za ka ceci yara, ka yi sallama tukuna."

Su biyu suka loda akwatunan a mota, maigadi yana riƙe musu ƙofa yana kallon sama. Ta ja mota, ya bi ta a baya a kan babur, hayaƙinta yana dukan fuskarsa har kamfani.

Manaja ya fito, ya ɗauki kwalba ɗaya ya kara a kumatunsa, ya ɗauki wata daga tsakiyar akwati ya kara. Ya girgiza kai. "Waɗannan sun fi shayina ɗumi. Ku kai baya."

A bayan ginin akwai magudanar da ake wanke kwanduna. Nan suka tsuguna, akwatuna a tsakaninsu. A murɗe murfi, a juye, a jefa kwalbar cikin buhu. Dogo ya zo zai kama musu, Uwata ta ce masa ya bari, kayanta ne. Ruwan abarba ya bi magudanar rawaya shar, ƙamshinsa ya cika wurin, ƙudaje da zuma suka fara sauka. Rana tana tsakiyar ka.

Sun kai rabi kafin ta yi magana.

"Dubi. Dubi kyansa. Ƙarfe huɗu na tashi."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Kuma zai yiwu babu komai a ciki. Zai yiwu da sun sha sun tafi gida lafiya."

"Zai yiwu."

"To ka ce wani abu mana! Kai ta 'zai yiwu', 'na sani'!"

Ya jefa kwalbar da ke hannunsa cikin buhu da ƙarfi har ta yi tsalle ta fito. "Me kike so in ce? In ce na yi nadama? Na yi nadamar ƙafata, har in mutu ina yi. Amma zuwa makarantar nan, ko gobe aka sake sai na je, ko kin kwanta a bakin ƙofa sai na tsallake ki. Kuma ke, ke da na raina, kin tsaya a waje kina jin ƙararrawa, kin san abin da ke kan teburin nan, kin harɗe hannu! Wannan ba a gidana kika koya ba!"

Idanunta suka kawo ruwa, amma ba ta bari ya zubo ba. Ta murɗe wani murfin.

"A gidanka tsoro na koya. Shi ne yau ya hana ni shiga in faɗa mata da kaina."

Suka ci gaba. Murafun sababbi ne masu tauri, tafin hannunsa ya yi ja, fatar gindin babban yatsa ta ɗaye. Ita ta naɗe hannunta da gefen mayafi.

Da suka kai akwatin ƙarshe ta miƙe, ta ɗaure bakin buhunan, ta ja su ɗaya bayan ɗaya zuwa mota. Ya tashi zai ɗauki ɗaya, ta riga shi. Ta rufe but, ta tsaya da makulli a hannu, tana kallon motar ba shi ba.

"Zan ci gaba da kawo kaya nan, don ba wani injin a kusa. Amma na gaya wa Manaja ya mayar da ni wurin masu aikin yamma. Kayana ba za su ƙara shiga a lokacin aikinka ba."

"To," in ji shi.

"Ka gaya wa Mama ba zan zo ranar Asabar ba."

Ta shiga ta tayar da mota. Ya bi ta da ido har ta fita ƙofar kamfani, ya ga ba ta ba da sigina ba da za ta hau titi, ya buɗe baki zai ƙwala mata kira, ta riga ta yi nisa. Ya jawo tiyo ya fara wanke magudanar. Daga ciki Dogo yana kira, wai kayan mai kankana sun iso tun ɗazu, suna jira a hagu.